Inda Shari'ar Ingila da ta Faransa Suka Rabu

A zamanin dā, ko a Ingila ko a Faransa, in an tuhumi mutum da laifi, ba shaidu, sai a sa shi ya ɗauki jan ƙarfe daga wuta. In bayan kwana uku hannunsa ya kama warkewa, ya kuɓuta. A shekarar 1215 manyan malaman Kirista suka taru a Roma, suka hana limamansu sa hannu cikin wannan al'ada, sai ta mutu. Daga nan kowace ƙasa ta kama hanyarta.

Mutanen Ingila suka koma ga maƙwabta. Dā ma tun 1166 Sarki Henri na Biyu ya umurta mutum 12 na kowace gunduma su rantse su faɗi masu laifin yankinsu. Sannu a hankali aka bar wa irin waɗannan mutane su ce an yi laifi ko ba a yi ba. Alƙali kuwa ya saurara, ya yanke horo.

Faransawa suka ɗora wa alƙali kayan duka. Shi ke bincike a asirce, amma ba ya yanke hukuncin kisa sai da shaidu biyu, ko mutum ya amsa da bakinsa. Nufin kirki ne, amma ya haifi mugun abu, gama aka riƙa azabtar da mutane don su amsa, har Sarki Luwi na 16 ya hana a 1780. Dokar Nafoliyon ta 1808 ta riƙe alƙalin bincike, sai dai sauraron ƙara ya zama a bainar jama'a.

Shi ya sa har yau akwai alƙalin bincike a Nijar, wadda Faransa ta mallaka, babu shi a Nijeriya.