Asalin Kalmar Exigency da Ma'anarta a Ingilishi

Kalmar exigency ba a cika jin ta a bakin Turawan Ingila ba, an fi samun ta a takardun shari'a da na mulki. Ma'anarta ita ce matsananciyar buƙata wadda ba ta jira, wato kusan abin da Bahaushe ke kira larura. Ɗalibin da ya taso da Faransanci yakan ɗauka ita ce exigence da ya sani, alhali ta Faransanci ta fi nufin sharaɗi, ko abin da wani ya nace sai an yi masa. Mai fassarar da ya gauraya su zai mayar da halin gaggawa ya koma buƙatar wani mutum.

Tushensu dai ɗaya ne, wato aikatau na Latin exigere. An gina shi daga ex, "waje", da agere, "kora", kamar yadda makiyayi ke kora dabbobi. Romawa sun faɗaɗa ma'anarsa daga korar abu waje zuwa matsa wa mutum ya fito da haraji ko bashi.

Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu, kalmomi masu yawa suka bi ta wannan ƙofa. Exigence ta bayyana a Ingilishi a ƙarni na 15, exigency kuma a ƙarshen ƙarni na 16.

Tsohuwar ma'anar ta daɗe a kotunan Ingila. Akwai wata takardar sammaci mai suna exigent, wadda ke umurtar wakilin sarki ya kira sunan wanda ake ƙara a zaman kotun gunduma sau biyar a jere. In bai bayyana ba, sai a janye masa kariyar doka, kayansa su koma hannun sarki. Hukunci ne mai tsanani ga wanda laifinsa wataƙila bashi ne kawai, kuma sai a 1879 aka soke shi a irin waɗannan ƙararraki.

A nan hukuma ce ke nema. A exigency kuwa mai neman ya ɓace, hali ne da kansa ke tilastawa. Da wannan ma'ana kotunan Amurka ke amfani da sifar exigent, inda suka yarda ƴan sanda su shiga gida ba da takardar izinin alƙali ba idan rai na cikin haɗari, ko ana shirin lalata shaida.