Koyon farauta a ƙasar Hausa

Farauta sana'ar gado ce a ƙasar Hausa, wadda yaro ke koya mataki-mataki a hannun mahaifinsa ko wani maharbi. Yakan fara da danƙo da tarko, yana kama kurciya da gafiya. Daga nan sai ya riƙa bin manya daji da rani, yana koyon gane sawun dabba. Ba a ba shi kibiya mai dafi ko bindiga sai an ga hankalinsa.

Ana hore shi kada ya yi harbi sai ya ga dabbar sarai, domin kada ya sami abokin farauta, kuma ya yi bisimilla kafin ya saki kibiya ko kare. Doka ta haramta farauta a gandun daji irin na Yankari da ke Jihar Bauchi, wanda aka kafa a 1956.