Abin da Ya Kai Talakan Ingila Teku a Ƙarni na 18

A shekarar 1740 wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna George Anson ya tashi da jiragen yaƙi guda 6 da mutane kimanin 1,900, da nufin kai wa yankunan Sifen hari a Tekun Fasifik. Jiragen wancan zamani ba su da inji, iska ce ke tura su. Kafin ya komo gida a 1744, bayan ya kewaye duniya, mutum wajen 1,400 sun halaka. Kaɗan ne daga cikinsu makami ya kashe. Yawancinsu yunwa ce da wata cuta mai ruɓar da dasashi, wadda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke haddasawa, suka gama da su. Duk wanda ya ji wannan labari dole ya tambaya: me zai sa mai hankali ya bar tudu ya shiga irin wannan sana'a?

Da farko dai, ba kowa ne ya shiga da son ransa ba. Idan yaƙi ya tashi, doka ta ba sojan ruwa ikon kama ma'aikatan jiragen fatake a tashoshi, a sa su aikin sarki ƙarfi da yaji. Amma wannan bai warware tambayar ba, domin waɗanda ake kamawa galibi mutane ne da suka riga suka zaɓi teku tun suna yara. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Saboda haka sai a dubi abin da suka baro a tudu.

Dalili na farko shi ne ciki. Leburan gona a Ingila ladan yini yake karɓa, ranar da babu aiki, musamman a tsakiyar hunturu, babu ko kwabo. A jirgin sarki kuwa an ƙayyade wa kowane mutum laba ɗaya ta biskit kullum, da nama mai gishiri kwana huɗu a mako, abin da talaka bai cika samu a gidansa ba. Ƙwararren ma'aikaci yana da sule 24 a wata na kwana 28, ga ci ga makwanci. Gaskiya ne albashin nan bai ƙaru ba daga 1653 har zuwa 1797, lokacin da ma'aikata suka yi tawaye a Spithead, kuma akan daɗe ba a biya ba. Duk da haka, ga maraya mai kwana a titin Landan, da babu gara ba daɗi. Ƙungiyar da Jonas Hanway ya kafa a 1756 ta tufatar da dubban irin waɗannan yara ta miƙa su ga jirage.

Dalili na biyu shi ne ganima. Tun daga 1708 doka ta tanadi cewa jirgin abokan gaba da aka kama, shi da kayan da ke cikinsa, na waɗanda suka kama shi ne, a raba bisa ga muƙami. Anson ɗin nan ya kama wani babban jirgin Sifen kusa da Filifin a 1743, shaƙe da azurfa, aka zaga Landan da dukiyar a cikin amalanke 32. A 1762 kuma, da aka kama jirgin Hermione, kowane ƙaramin ma'aikaci ya tashi da fam 485, wato fiye da albashinsa na shekara 30. Irin wannan sa'a ba ta cika faɗowa ba, amma labarinta ya fi labarin matattu yawo a kasuwa.

Dalili na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ɗaukaka. A tudu asali ke ba mutum matsayi, har muƙamin hafsa a sojan ƙasa da kuɗi ake sayensa. Teku kuwa ba ta san ɗan wane ba. Tun 1677 ba a naɗa laftana a sojan ruwa sai ya yi shekaru a jirgi ya kuma ci jarrabawa. James Cook ɗan leburan gona ne, ya koyi aiki a jiragen dakon gawayi na Whitby, ya shiga sojan ruwa a 1755 yana ma'aikaci, amma a 1768 shi aka damƙa wa jirgin Endeavour. Haka nan Olaudah Equiano, wanda ya rubuta cewa daga ƙasar Ibo aka sato shi, da ɗan cinikin da yake yi a jirgi ya tara fam 40 ya fanshi kansa a 1766. Bayan ya sami 'yanci kuma sai ya sake komawa teku, har ya bi ayarin da ya nufi ƙanƙarar arewacin duniya a 1773.

Kada a ɗauka hanyar a buɗe take ga kowa. Mai uwa a gindin murhu ya fi saurin hawa ko a jirgi, kuma a bayan kowane Cook akwai dubbai da aka naɗe a tsumma aka jefa a ruwa ba tare da an san sunayensu ba.

A taƙaice, mutanen nan ba jahiltar haɗarin suka yi ba. Yawancinsu a bakin teku suka tashi, sun san gidajen da aka yi zaman makoki. Awo suka yi tsakanin mutuwar da mai yiwuwa ce a ruwa da talaucin da tabbas ne a tudu, wanda uba ke bar wa ɗa gado. Wanda zai yi musu hukunci, ya fara duban abin da ƙasarsu ta ajiye musu in sun zauna.