Tarihin Rarrabe Halittar Tardigirada

Gansakukar da kan tsiro da damina a gindin tsofaffin katangun ƙasa, irin waɗanda ke cikin birnin Zazzau tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, irinta ce mazaunin wata halitta da ba a ganinta sosai sai da madubin ƙara girma, domin tsawonta bai cika kaiwa milimita ɗaya ba.

Wani limamin Kirista Bajamushe, Johann Goeze, shi ya fara bayyana ta a 1773. Bayan 'yan shekaru Spallanzani na Italiya ya raɗa mata suna tardigirada, wato mai tafiyar hawainiya. Jikinta kai ne da gaɓoɓi huɗu, kowace gaɓa da ƙafafu biyu masu farata. Ba ta da huhu, ba ta da zuciya. A bakinta akwai tsinke biyu da take huda abincinta da su, sannan ta tsotse ruwansa.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne halinta da rani. Bahaushe ya san gaiwa, wadda kan shige taɓo ta jira damina, amma ita gaiwa tana numfashi. Wannan kuwa takan janye ƙafafunta ta dunƙule, kusan duk ruwan jikinta ya ƙafe, ta yi shekaru a haka. Da zarar ta jiƙe sai ta miƙe. Gardama ta yi tsanani a Faransa tsakanin Doyère, wanda ya ce farfaɗowar gaskiya ce, da Pouchet da ya musa, har sai da kwamitin masana ya ba Doyère gaskiya a rahoton da Paul Broca ya rubuta a 1860.

Sa'an nan aka rasa gidan da za a ajiye ta. Wasu suka haɗa ta da dangin gizo-gizo da kaska saboda ƙafafunta takwas, wanda hujja ce mai rauni, wasu suka kai ta cikin tsutsotsi. Sai a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, Ramazzotti ya ware mata babban rukuni nata na kanta. Ajinta biyu ne tabbatattu: Heterotardigrada, waɗanda da yawansu ke da sulke a baya, da Eutardigrada masu laushin fata. Aji na uku ya dogara ne a kan nau'i guda da Rahm ya ce ya samo a wani marmaron ruwan zafi na Japan a 1937, wanda har yau ba wanda ya sake ganinsa.