Wa Ke Zaune a Tsakiya? Tarihin Mandala Daga Indiya Zuwa Yammacin Duniya

Gabatarwa

Akwai wani zane da ya shafe fiye da shekara dubu yana yawo a duniya, daga Indiya zuwa tsaunukan Tibet, daga tsibiran Japan zuwa ɗakin wani likita a Suwizalan. Siffarsa ba ta da wuyar ganewa: da'ira ce ta kewaye murabba'i mai ƙofa huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, sannan a can ciki ga cibiya wadda komai yake komawa gare ta. Sunansa mandala, kalmar harshen Sanskirit mai nufin da'ira. Mutanen Tibet kuwa suna ce masa kyilkhor, wato tsakiya da kewayenta. Wannan maƙala za ta bi sawun zanen bisa tambaya guda: wa aka zaunar a tsakiya? Siffar dai ta jure wa doguwar tafiya, amma mazaunin cibiyar ya riƙa sauyawa daga zango zuwa zango, kuma duk lokacin da ya sauya sai ma'anar zanen ta bi shi.

Tushe a Indiya

Kalmar ta girmi zanen nesa ba kusa ba. Rigveda, mafi daɗewa cikin littattafan ibada na Hindu, an kasa shi kashi 10, kowane kashi ana kiran sa mandala. Littafin siyasa na Arthashastra, wanda ake jingina wa Kautilya, ya yi amfani da kalmar wajen siffanta zaman sarakuna: sarki a tsakiya, maƙwabcinsa abokin gaba, wanda ke bayan maƙwabcin kuma abokin ƙawance. Ke nan tun farko da'irar tana tafe da batun iko da wanda ya mallaki cibiya.

Zanen da aka sani a yau ya bunƙasa wajen ƙarni na 7 da na 8, tare da reshen addinin Buda da ake kira Tantara. A wurin mabiya wannan tafarki, mandala taswirar fada ce da ake hangowa daga sama. Buda yana zaune a tsakiya, wasu huɗu suna kewaye da shi, ga masu gadi a ƙofofi. Daga waje akwai zoben wuta mai ƙone jahilci, da zoben furen bado mai alamta tsarki. Almajiri ba ya shiga wannan fada sai da izinin malami. Akan ɗaure masa idanu, a ba shi fure ya jefa a kan zanen, inda furen ya faɗi shi ne rabonsa a cikin ababen bautar. Daga nan a zuba masa ruwa a ka. Sunan wannan biki abhisheka, kuma da shi ake kiran naɗin sarakunan Indiya, abin da ya sa masanin tarihi Ronald Davidson ya yi hujja da cewa fadar mandala hoto ce ta masarautun wancan zamani.

Bayan bikin ne aikin gaske yake farawa. Almajiri yakan zauna a halwa yana gina fadar a zuciyarsa, ƙofa bayan ƙofa, launi bayan launi, har ya kai matsayin da zai ga kansa a mazaunin wanda ke tsakiya. Manufar ita ce ya narkar da girman kai da kwaɗayi, ya ɗauki halayen hikima da tausayi da siffar take wakilta. A nan ne fasahar zane da ibada da binciken zuciya suka haɗu suka zama aiki ɗaya.

Daga Zane Zuwa Gini

Da addinin Buda ya haura tsaunukan Himalaya, sai taswirar ta zama gini. A ƙarshen ƙarni na 8 sarki Trisong Detsen ya gina Samye, gidan zuhudu na farko a Tibet, da taimakon malamai biyu da ya gayyato, Shantarakshita da Padmasambhava. Babban haikalin yana wakiltar dutsen Meru, cibiyar duniya a aƙidarsu, ƙananan haikalai suna wakiltar nahiyoyi, ganuwa mai da'ira ta rufe su duka. Sarkin da ya kafa cibiyar duniya a ƙasarsa, ai ya faɗa wa maƙwabta matsayin da yake ba kansa.

A tsibirin Java na Indunusiya kuwa, an kammala Borobudur a ƙarni na 9 zamanin daular Sailendra. Hawa tara ne, shida masu kusurwa huɗu, uku masu da'ira, da siffofin Buda 504 da ƙananan ƙubbobi 72, kuma masana da dama suna karanta shi a matsayin mandala ta dutse. Mai ziyara yakan kewaya ginin yana ajiye shi a damansa. A ƙasa yana ratsa lunguna cike da sassaƙen labarai, yana hawa sassaƙen na raguwa, har ya fito fili a sama inda babu komai sai ƙubbobi da sarari. Ƙafa ce take yin tafiyar da almajirin halwa yake yi da zuciya.

Japan ta karɓi nata rabon ta hannun Kukai, wanda ya tafi Sin a 804, ya yi karatu wurin malam Huiguo a birnin Chang'an, ya dawo a 806 da mandala biyu, ta Mahaifa da ta Lu'ulu'u. A rahoton da ya miƙa wa fada ya bayyana cewa koyarwar tana da zurfin da rubutu ba zai iya ɗauka ba, dole sai da hoto. Har yau waɗannan zanuka biyu suna rataye suna fuskantar juna a haikalan ɗariƙar Shingon da ya kafa.

Fadar Yashi

Babu inda wannan fasaha ta kai ƙololuwa kamar a mandalar yashi ta Tibet. Masu zuhudu sukan ja layuka a kan dandamali, su riƙa zuba yashi mai launi ta siririn mazurarin ƙarfe da ake kira chakpur, suna goga masa sanda yashin na sauka kaɗan-kaɗan. Mandalar Kalachakra tana ɗauke da ababen bauta 722, kuma aikinta yakan ci kwanaki masu yawa. Idan an gama ibada sai a share ta, launuka su cuɗe su koma toka-toka, a kai yashin a zuba a kogi. Sharewar wani sashe ne na darasin, domin tana koyar da cewa babu abin da yake dawwama, ko da kuwa ya kai matuƙa wajen kyau.

Tarihi ya ɗora wa wannan darasi nauyi mai ɗaci. Sojojin Sin sun shiga Tibet a 1950, Dalai Lama na 14 ya yi hijira zuwa Indiya a 1959, sannan aka rusa gidajen zuhudu masu yawa, musamman a lokacin Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976. 'Yan gudun hijira suka fuskanci zaɓi mai wuya: su riƙe sirrin ya mutu a hannunsu, ko su fito da shi bainar jama'a ya rayu. Suka zaɓi fitowa. A 1988 masu zuhudu na Namgyal suka yi mandalar Kalachakra a gaban 'yan kallo a wani gidan tarihi na birnin New York. A 1991 kuma aka daskarar da wata da gam a gidan adana zane na Minneapolis, aka rataye ta a bango. Abin da aka yi domin ya koyar da gushewa sai ga shi an hana shi gushewa.

Jung da Cibiyar da Ta Koma Mutum

Tun kafin wannan hijira, mandala ta riga ta shiga Turai ta wata ƙofar. Carl Gustav Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya faɗa cikin ruɗani bayan rabuwarsa da Sigmund Freud a 1913. Ya zana mandalarsa ta farko a 1916, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riƙa zana ƙaramar da'ira kowace safiya, yana duba yadda take sauyawa da halin da zuciyarsa ke ciki. Ya yanke cewa siffar alama ce ta cikar mutum, wadda rai yake fitarwa don neman daidaito idan ya rikice. A laccocinsa na Jami'ar Yale a 1937 ya lura cewa mandalolin marasa lafiyarsa ba su da abin bauta a tsakiya, mutum ne ya gaji wurin.

Wannan fassara ta amfanar, domin da ita masu jinya ta hanyar zane suka sami kayan aiki. Sai dai ta juya alƙiblar tafiyar. Almajirin Tibet yana bin taswirar da aka gada, ba ya ƙara ko layi ɗaya, kuma burinsa ya gane cewa wannan "ni" da yake riƙo da ita ba ta da tabbas. Majinyacin Jung yana zana abin da ya fito daga ransa, burinsa ya tattara kansa wuri guda. Da littattafan shafa launi na manya suka cika kasuwa wajen 2015, sai ya zamana babu malami, babu ƙofofi, babu kowa a tsakiya, sai ado mai kwantar da hankali. Kama da wane, in ji Bahaushe, ba ta wane.

Kammalawa

Ba daidai ba ne a ce an lalata mandala, domin ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Sarki ya zauna a cibiyarta, Buda ya zauna, mutumin zamani da damuwarsa ya zauna. Abin da tarihinta yake nunawa shi ne siffa tana ƙetare iyaka cikin sauƙi, amma tarbiyyar da ta haife ta takan tsaya a baya. Wanda ya shafa launi na sa'a guda ya sami natsuwa, kuma natsuwa ba abin rainawa ba ce. Wanda ya yi kwanaki a durƙushe yana zuba yashi, sannan ya share da hannunsa, wani abu daban ya koya. Duk mai nazarin fasahar da aka aro daga wata al'umma yana da buƙatar ya tambayi abin da aka baro a hanya kafin ta iso gabansa.