Daga Tsiga Zuwa Gadon Asibiti: Taƙaitaccen Tarihin Kula da Majiyyata a Kudancin Katsina

Gabatarwa

Ni mutumin Tsiga ne a cikin Ƙaramar Hukumar Bakori, a nan aka yanke mini cibiya, a wannan yanki kuma na yi aikin koyarwa har na ajiye alli. A duk tsawon shekarun nan na lura cewa idan muka zauna zancen tarihin ƙasarmu, sarauta da auduga da jirgin ƙasa muke tunawa, ba safai muke waiwayar yadda marar lafiya ke barin ɗakinsa ya isa hannun likita ba. Alhali kuwa babu gidan da wannan hanya ba ta ratsa ta cikinsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wannan hanya tun daga zamanin En'e zuwa yau, domin malamai su sami abin faɗa wa ɗalibai, dattawa kuma su auna abin da suka gani da idonsu.

Kafin zuwan asibiti

Kakanninmu ba su zauna hannu sake ba a kan sha'anin cuta. Wanzami shi ke yin ƙaho da kaciya da cire beli, maɗori ya ɗora karaya, ungozoma ta yanke cibiya ta kula da mai jego, boka da 'yar mai ganye su ba da sassaƙe da saiwa, malami ya yi rubutun sha. Amfanin wannan tsari shi ne kusanci, domin mai magani maƙwabcinka ne, kuma yakan yi haƙuri har kaka kafin a sallame shi. Rauninsa kuwa yakan fito fili idan annoba ta sauka. Agana da sanƙarau da baƙon dauro ba su jin sassaƙe, haka nan idan naƙuda ta gardama ungozoma ba ta da abin yi sai jira.

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da na ɗansa Usman Nagogo, En'e ta riƙa buɗe ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Malamin da ke ciki yakan wanke gyambo, ya ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki, duba-gari kuma ya zagaya ya leƙa randuna da masai. Kudancin Katsina ya ja hankalin hukuma ne saboda albarkar noma. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa ta Funtuwa, injinan gurzar auduga suka kafu a Funtuwa da Malumfashi, jama'a suka taru. Inda aka sami hanya da kasuwa nan asibiti ya bi, shi ya sa har gobe manyan asibitocin yankin suke a waɗannan garuruwa biyu, mu mutanen ƙauyuka muna tsakani.

Abu na farko da ya sa talakawanmu suka fara sakin jiki da maganin asibiti, a ganina, shi ne yaƙi da agana wanda aka ƙaddamar a Afirka ta Yamma a 1967. Ina makarantar firamare 'yan lamba suka zo da wata na'ura mai kama da bindiga, aka jera mu a gindin bishiya, wasu abokanmu suka tsallake darni suka shige gona. Kafin 1970 ta ƙare an daina ganin cutar a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Yaran da na koyar daga baya ba su san fuska mai zanzana ba sai a wurin tsofaffi.

Zamanin Malumfashi da Jami'ar Ahmadu Bello

Mutane da yawa ba su san cewa asibitin Malumfashi ya taɓa zama ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ba, tare da na Zariya da na Kaduna. Bayan da jami'ar ta buɗe sashen koyon aikin likita a 1967, an riƙa turo ɗalibai Malumfashi domin su ga yadda cuta take a karkara. Wannan ya sa manomi daga Tsiga ko Ƙafur ko Ƙanƙara yana iya samun ƙwararren likita ba tare da ya je birni ba, idan abin ya fi ƙarfinsu kuma a rubuta masa takarda zuwa Zariya.

A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa wani babban aikin bincike kan cututtukan da suka zauna daram a ƙasar Malumfashi, da haɗin gwiwar jami'ar da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila. Cikin jagororinsa akwai Farfesa Herbert Gilles da marigayi Farfesa Umaru Shehu, kuma tun daga 1977 aka fara buga sakamakonsa. Ma'aikata sun bi gida gida suna ƙidayar haihuwa da mutuwa, suka auna zazzaɓin cizon sauro da fitsarin jini da saran maciji. A madatsar Ruwan Sanyi sun zauna suna lura da masu shiga ruwa, suka gano cewa yara maza masu wanka da iyo su ne suka fi kamuwa da tsargiya, su ne kuma suka fi yaɗa ta. Wannan ciwo ne da a lokacin ƙuruciyarmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, har wasu na ganin alamar balaga ce. Sun kuma nuna irin ɓarnar da kumurci ke yi, mai shiga ɗaki da dare ya sari na barci ko ya tofa wa mutum dafi a ido.

A daidai wannan lokaci likitocin Zariya, ciki har da Farfesa Eldryd Parry, suka yi nazarin ciwon zuciya da kumburi da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a wannan yanki da shan kunun kanwa fiye da kima da tsananin zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Farfesa Kelsey Harrison kuma ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tabbatar da cewa matan da ba su zuwa awon ciki, waɗanda ake kawowa bayan abu ya ɓaci, su ne suka fi rasa rayukansu. Shi kuwa masanin tarihi Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya lura cewa mutanenmu ba su tsayawa ƙofa ɗaya, sukan gwada boka da malami da likita duka, wanda ya yi aiki shi ne magani. Ashe ke nan ƙasarmu ta ba duniya ilimi mai yawa, abin tambaya shi ne nawa ne daga cikinsa ya dawo ya zauna a gidajenmu.

Abin da ya faru a gidanmu

Ba a littafi na fara sanin abin da Harrison ya rubuta ba. A daminar 1979 ƙanwata, wadda ba ta cika shekara 16 ba, ta kwana biyu tana naƙudar fari a ɗaki. Mijinta ya tafi cin kasuwa, babu wanda ya yarda ya ba da izinin fita da ita, domin a ganin manya kunya ce a yi gaggawa a haihuwar fari. A rana ta uku na je na durƙusa gaban surukinta na ce, "Baba, a yi mini izini in kai ta, in ya so laifin ya hau kaina." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Malam, Allah Ya sa a dace." A amalanken shanu muka ɗauke ta cikin taɓo har bakin titi, muka jira mota. Likitoci sun ceci ranta, amma ɗan ya riga ya koma, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari.

Shekara da shekaru ta yi a gidan mahaifinmu, ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna. Sauƙi ya zo ne daga Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, wurin da aka kafa tun zamanin Turawa domin masu kuturta. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a 1983, da ya ga yawan mata masu wannan lalura sai ya soma yi musu aiki. Can aka ɗinke ƙanwata ta dawo garau. Wurin yanzu cibiya ce ta ƙasa ta masu yoyon fitsari. Darasin da na ɗauka shi ne jinkiri uku ne suka cuce mu: na yanke shawara a gida, na hanya, da na neman kuɗi. Biyun farko ba a cikin asibiti suke ba.

Sabuwar jiha da tsarin matakai

An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, a lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya. Shi ne ya dage a kan kiwon lafiya matakin farko bisa ƙudurin taron Alma-Ata na 1978, kuma manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 ta raba aikin gida uku. Ƙaramar hukuma ta riƙe ƙananan asibitoci masu yin rigakafi da awon ciki da karɓar haihuwa. Jiha ta riƙe manyan asibitoci irin na Funtuwa da Malumfashi, inda ake tiyata da ƙarin jini. Gwamnatin Tarayya kuma ta riƙe asibitocin koyarwa, wato na Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya tare a Shika a 2005, da na Katsina. Asibitin Malumfashi ya dawo hannun jiha, garin kuma yana da makarantar koyon aikin ungozoma, kamar yadda Kankiya da Daura suke da makarantun horar da ma'aikatan lafiya.

Tsarin kamar tsani yake, ana hawa daga ƙasa. Sai dai ya zo daidai da matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986, lokacin da darajar Naira ta faɗi, magani ya yi tsada. Na tuna na kai ɗana wani asibiti a wancan zamani, aka miƙo mini takarda in sayo komai a kemis, har da auduga da safar hannu, mu da muke noma audugar. Daga nan mutane suka koyi tsallake ƙaramin asibiti, ko dai su tsaya wurin mai kemis, ko su jira sai ciwo ya ci ƙarfi su nufi babban asibiti, inda layi ya yi wa ma'aikata yawa. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta tona asirin wannan rauni.

Duk da haka an ci nasarori da bai kamata a manta ba. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008. Daga 2011 aka fara sabuwar allurar sanƙarau wadda ta karya lagon nau'in da ya fi addabar mu. Shan inna, bayan taƙaddamar rigakafi ta 2003 da 2004, an shawo kanta ne da sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shiga gaba, har aka bayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020. A 2013 aka soma gwajin ba yara ƙanana maganin rigakafin zazzaɓi wata wata a lokacin damina a wasu ƙananan hukumomin arewacin jihar, daga baya aka faɗaɗa shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya na tushe. Mai lura zai ga cewa kusan duk waɗannan nasarori an same su ne a inda magani ya taka ya iske mutane a ƙofar gidansu.

Sabuwar jarrabawa

A 'yan shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta taɓa Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara da ƙasar Bakori, mu ma a Tsiga mun ɗanɗana. Illarta ga lafiya ba ta tsaya ga masu raunin harsashi ba. Ma'aikaciyar jinya takan ƙi kwana a ƙauye, mai mota yakan ƙi fita bayan magariba, alhali naƙuda ba ta zaɓen lokaci. Manomin da bai shiga gona ba kuma 'ya'yansa ne ke kamuwa da tamowa, a yankin da yake ciyar da jiha da masara da dawa. Jinkirin hanya da muka yi zaton kwalta da babur sun kawar da shi ya sake dawowa ta wata ƙofa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa gini da na'ura kaɗai ba su ceton rai sai majiyyaci ya iso da wuri, ya kuma tarar da wanda zai karɓe shi. Saboda haka ina da roƙo uku. Ga malamai 'yan'uwana, mu ƙarfafa wa 'ya'yanmu mata su kammala sakandare su shiga makarantar ungozoma, domin 'yar gari ita ce za ta zauna a gari ko da baƙuwa ta tafi. Ga dattawa, kowane maigida ya ba da izini tun ciki yana ƙarami cewa in naƙuda ta zo a tafi asibiti ko yana nan ko ba ya nan, unguwa kuma ta tanadi mai abin hawa da ɗan asusu da masu ba da jini. Ga mu duka, mu shiga kwamitocin lafiya na mazaɓunmu, mu tambayi abin da ya shigo da inda ya tafi, mu kuma rubuta abin da tsofaffin ungozomomi da malaman asibiti suka sani tun suna raye. Ƙanwata tana nan da jikokinta, kuma duk wadda ta sami ciki a gidansu ita ce ke riƙe mata katin awo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.