Daga Agogon Tashar Jirgi zuwa Agogon da ke Kwana a Caji

Kafin layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, manomin wannan yanki bai damu da agogo ba. Hantsi da walaha da inuwar azahar da kiran salla sun wadatar da shi. Jirgin ƙasa da injin gurzar auduga ne suka kawo lokaci mai lamba, agogon hannu ya biyo bayansu, irin wanda ake murɗawa kowace safiya.

Batir ya shigo daga baya. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu na farko mai aiki da dutsen kwaz, a 1989 kuma Casio ya fito da F-91W, baƙin agogon robar nan da ya zama ruwan dare a kasuwanninmu. Batirinsa bai kai girman sulai ba, amma yakan kai shekara 7. Dalili kuwa, aikinsa kaɗan ne: ya ƙirga daƙiƙa, ya nuna baƙaƙen lambobi a fuskar da ba ta fitar da haske.

Sha'anin lafiya na cikin abubuwan da suka ƙara wa agogo ɗawainiya. A 1982 kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fito da na'urar auna bugun zuciya da ba ta da igiya, wadda ake karantawa a wuyan hannu. Sony kuma ya shigo da batirin litiyom mai karɓar caji kasuwa a 1991. Da waɗannan suka haɗu da wayar salula, sai hanya ta rabu biyu. Agogon Pebble na 2013 ya zaɓi fuska mai aron hasken rana, yana yin kusan mako guda. Apple Watch na 2015 ya zaɓi fuska mai launi da hasken kanta, da manhajoji kamar na waya, kamfanin ya ce awa 18 zai yi. Garmin ya bi hanyar farko a yawancin agogunansa na 'yan wasanni, wasu suna yin makonni.

Har yau bambancin daga nan yake. Batirin agogo ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta shi da batirin waya, don haka duk abin da aka ɗora masa sai ya nuna. Fuskar da ba ta mutuwa tana ci, GPS yana ci, layin waya a cikin agogo ya fi su haɗama. Koriyar fitilar da ke bayansa, mai leƙa gudanar jini a ƙarƙashin fata, ita ma tana da rabonta, musamman idan an sa ta aiki ba hutu. Tsada ba ta nufin daɗewa. Sau da yawa mai tsadar ne ke riga mutuwa, domin shi aka fi jibga wa kaya.

Ga mai karatu a Malumfashi ko Bakori ko Ƙafur, inda wuta takan yi kwanaki ba ta leƙo ba, maganar ta wuce ado. Agogon da ya kwana a wurin mai caji bai auna barci ba, bai kuma ga yadda zuciya ta buga cikin dare ba, alhali dalilin sayensa ke nan. Zafin bazara ma yana tsufar da batirin litiyom, balle a bar agogo a rana a bakin gona.

Wanda likita ya ce ya lura da bugun zuciyarsa, a ganina, ya nemi mai yin mako guda ko fiye, ya rage hasken fuska, ya kashe GPS idan ba tafiya yake aunawa ba. Mai hawan jini kuwa kada ya dogara da lambar da agogo mai araha ke nunawa. Awon da ake ɗaurawa a damtse, a gida ko a asibiti, shi likita zai duba kafin ya ƙara magani ko ya rage.